Zubar Iska ta Bakin Taya a Taɓon Kwaruruka: Nazari kan Motocin Daji a Gundumar Gure

Tsakure

Maƙalar ta duba dalilin da ke sa tayar da ba ta da tiyub ta riƙa sacewa ta bakinta, ba tare da ƙaya ko ƙusa ta huda ta ba, bayan mota ta ratsa taɓo a ƙasar Gure. An bi ta hanyar lissafin ƙarfin da iska ke danne bakin taya da shi, aka gwama shi da yanayin ƙasar yankin. Nazarin ya nuna cewa tushen matsalar shi ne iskar da direba ya rage domin rairayi ya kuma shiga taɓo da ita, sannan cakuɗar yashi da yumɓu da kanwa ta ƙarasa ɓarnar.

1. Ƙasar da hanyoyinta

Gure tana Jihar Damagaram, fiye da kilomita 150 gabas da Zinder, a kan babbar hanyar ƙasa ta ɗaya wadda ta wuce Diffa. Wanda ya sauka daga kwalta, ko ya yi arewa zuwa Kelle da duwatsun Kutus da Tasker, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, ko ya yi kudu wajen Bune, to ya shiga hannun rairayi. Ruwan sama a nan bai cika wuce milimita 300 da wani abu ba a shekara, akasarinsa kuma tsakanin Yuli da Satumba yake zuba.

Mai jin wannan adadi zai ce ina ruwan Gure da taɓo. Amsar tana cikin kwaruruka. Tsakanin tuddan rairayin Muniyo da Manga akwai ɗaruruwan kwaruruka masu dabino da goruba, inda ruwan ƙasa yake kusa, gindinsu kuma yumɓu ne mai kanwa da gishiri. Daga irin wannan ƙasa ake dafa gishirin mangul, sana'ar da Paul Lovejoy ya bi tarihinta a littafinsa na 1986 kan gishirin Sudan ta Tsakiya. Da damina, hanya guda takan haura jigawa, ta gangara kwari, ta sake haurawa. Direban kat-kat, Land Cruiser ce ko Hilux, yana sauya ƙasa sau da yawa a tafiya ɗaya, amma iskar tayarsa tana nan yadda ya bar ta.

2. Abin da ke riƙe bakin taya

Bakin taya zobe ne na wayoyin ƙarfe da aka lulluɓe da roba. Yana zaune a kan mazaunin da aka yi masa a jikin rim, wanda ke da ɗan gangare na digiri 5 a ƙananan motoci, bayansa kuma yana jingine da leɓen rim. Rim ɗin da aka ƙera domin taya marar tiyub yana da ɗan tozo a cikin mazaunin, wanda ke tare bakin kada ya zame ciki. Ba gam, ba ƙusa. Matsewar zoben da turin iska su kaɗai ne ke hana iska fita.

Ana iya ƙiyasta turin. A ɗauki rim mai inci 16, wato santimita 20 daga tsakiya zuwa mazauni, da taya wadda mafi faɗin cikinta ke santimita 30 daga tsakiya. Faɗin da iska ke turawa waje a gefe ɗaya ya kama murabba'in mita 0.157. Idan iska ta kai bar 3, abin da direbobi ke kira kilo uku, turin ya kai nauyin tan 4.8. A bar 1 ya koma tan 1.6. Wannan ma adadi ne mai yawa a ido, sai dai ya watsu ne a kewayen rim mai tsawon santimita 128, wato kilogiram 37 a kowace santimita a bar 3, da kilogiram 12 da ɗoriya a bar 1.

Ga inda gizo ke saƙa: ƙasa ba ta tura taya a kewayenta duka. Tana tura ta ne a ɗan yankin da ke taɓa ƙasa, kimanin santimita 25. A bar 1, turin iskar da ke tsare wannan yanki bai wuce kilogiram 300 da kaɗan ba, alhali tayar baya ta motar da aka labta wa buhunan gero da jarkokin mai da fasinja a sama tana iya ɗaukar abin da ya kusa tan guda. Da zarar motar ta zame gefe ta bugi bangon kwarin sawun da manyan motoci suka haƙa, ko kututturen goruba da ke ɓoye cikin ruwa, bakin taya ya ɗaga na ɗan lokaci, iska ta yi tsaki, ya koma. Kafin ya koma, laka ta riga ta shiga.

Akwai kuma zafi. Direba ya sace iska zuwa bar 1.2 a kan rairayin rana, iskar cikin tayar tana digiri 60. In ta huce cikin ruwan kwari zuwa digiri 30, ƙa'idar iskar gas ta nuna ma'auni zai faɗo kusan bar 1.0, ba tare da ɗigon iska ya fita ba.

3. Abin da lakar ke yi bayan ta shiga

Taɓon kwari abu uku ne a haɗe, kowanne da aikinsa. Yashin jigawa ƙwayar kwatz ce, wadda taurinta ya kai 7 a ma'aunin Mohs, ya fi na ƙarfen rim, balle na alminiyam. Ƙwayar da ta maƙale tsakanin roba da ƙarfe tana hana su haɗuwa, kuma duk juyin taya tana kankare fenti. Yumɓu shi ne mai yaudara: yana ɗanye yana toshe kafar da yashi ya buɗe, direba ya iso gida da taya cike. Sai ya bushe ya tsattsage, iska ta samu hanya. Shi ya sa ake wayar gari kwana ɗaya ko biyu bayan tafiya a tarar taya a ƙasa, mai faci ya tsoma ta cikin ruwa yana neman huji a tafinta, kumfa kuwa tana fitowa siririya ta gefen rim.

Na ukun ya fi daɗewa yana aiki. Kanwa tana cin alminiyam, gishirin da ke tare da ita kuma yana gaggauta tsatsa a ƙarfen da fentinsa ya kankare. Mazaunin da ya yi ramuka ba ya sake riƙe iska ko da an sa masa sabuwar taya, shi ke sa wasu motoci su riƙa sacewa a ƙafa ɗaya shekara da shekaru ana ɗora wa taya laifi.

4. Rigakafi

Abin da lissafin ya nuna a fili yake: rairayi na son iska kaɗan, taɓo mai kwari da kututture na son a ƙara. A ganin marubucin, motar da ke ɗauke da kaya bai kamata ta shiga kwari mai ruwa da ƙasa da bar 1.8 a tayoyin baya ba, kuma gwargwadon nauyi gwargwadon ƙari. Wannan na nufin famfo da ma'aunin iska su zama kayan aiki kamar jak da shebur. An san abin da ke hana direba: kowace tsayawa lokaci ce, fasinja na gunaguni, yaron mota ne kuma zai sha wahalar famfon ƙafa. Amma famfon lantarki da ke aiki da batirin mota bai kai kuɗin taya ɗaya ba.

Tuƙi ma na da nasa kaso. Murɗa sitiyari da ƙarfi ana taka totur a cikin kwarin sawu shi ne ke ɓamɓare bakin tayar gaba. Gara a bi sawun a miƙe da giya mai ƙarfi, in za a fita a fita a hankali. Tayar da ke juyawa a wuri ɗaya tana cusa laka ne cikin leɓen rim.

Bayan tafiya, a wanke gefen rim ciki da waje kafin laka ta bushe. Idan kumfar sabulu ta nuna zuba, ƙara iska ba magani ba ne. Sai an sauke bakin, an wanke, an goge mazaunin da burushin waya da sanfefa, an shafa fenti ya bushe. Wajen mayarwa, man haɗa taya da aka yi daga man tsirrai shi ne daidai. Baƙin mai da giris suna lalata roba, suna kuma sa taya ta riƙa zamewa a kan rim. Kamfanonin taya sun yi gargaɗin kada a wuce bar 2.8 wajen zaunar da baki. In bai hau ba, a sace a sake gyarawa. Dabarar zuba fetur a ƙyasta ashana kuwa, ban da hatsarin ƙuna da fashewa, tana rufe bakin ne a kan duk dattin da ke wurin.

5. Batun tiyub da rim mai zobe

Akwai rim mai ƙusoshi da ke damƙe bakin taya tsakanin faranti biyu, irin na motocin soja da na tsere, amma tsadarsa da ƙarancinsa sun sa ba shi ne mafitar direban haya ba. Mafitar da aka fi kamawa ita ce a zura tiyub cikin taya marar tiyub. Zubar baki takan tsaya, sai wata ta taso: cikin irin wannan taya yana da layuka masu goga tiyub, zafi na ƙaruwa, kuma in iska ta yi kaɗan taya na ja da tiyub har ya tsinke a gindin bawul.

Tsohon tsarin Land Cruiser jerin 70, wanda Toyota ta fara fitarwa a 1984, wato rim mai zobe da taya 7.50R16 da tiyub da robar shimfiɗa, an yi shi ne da tiyub a zuciya tun farko, kuma mutum biyu da ƙarfen banƙara suna iya kwance shi a daji. Laka na shiga shi ma, ta ramin bawul da tsagar zobe, yashin ya tsaya tsakanin taya da tiyub yana ci a hankali. Motar da ke zirga-zirga tsakanin Gure da Tasker tana buƙatar a kwance ƙafafunta a ƙarshen damina, a wanke, a shanya, a barbaɗa hoda, a duba robar shimfiɗa. Lokacin hura iska kuma a juya zoben ya kalli ƙasa ko a ɗaure shi da sarƙa, domin zoben da tsatsa ta hana shi zama cikin gurbinsa yana iya tashi da ƙarfin da ke kashe mutum.