Yadda haruffa masu lanƙwasa suka samu wurin zama a cikin faifai

Ƴan uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa kai katin memori wurin masu tura waƙa a kasuwar Waca ko ta Magarya ya san abin da zan faɗa. Ka buɗe katin, ka tarar da sunaye kamar "waka1", "waka2", ko kuma alamar tambaya ta zauna a inda ƙ ya kamata ya kasance. Mu da muke karatun harshe mun san ba ƙaramin abu ba ne: baki daban, baƙi daban, kafa daban, ƙafa daban. Wannan matsala tana da tarihi, kuma tarihin ne nake son mu bi.

Haruffan ɓ, ɗ da ƙ sun kafu a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin da hukumar talifi ta Zariya take buga littattafan Hausa. A 1966 aka yi taron Bamako don daidaita rubutun harsunan yankinmu, a 1999 kuma ma'aikatar ilimi ta Nijar ta fitar da ƙa'idar rubutun Hausa wadda take amfani da ƴ, alhali a Najeriya an fi rubuta 'y. To amma kwamfuta ba ta halarci waɗannan taruka ba. Jerin haruffanta mai suna ASCII, an tsara shi a Amurka a 1963, gurbi 128 ne kawai, ko é na Faransanci bai samu shiga ba, balle ƙ.

Faifai ba ya ajiye komai haka kawai. Sai an shimfiɗa masa tsarin ajiya, wato wani kundi da yake riƙe sunan kowane fayil da inda yake kwance. Tsarin da ake kira FAT, wanda ya yaɗu tare da MS-DOS daga 1981, ya ƙayyade suna ga harafi takwas da ƙarin uku. Daga baya Windows 95 ya zo da dogayen sunaye har harafi 255, a rubuce da Unicode, jerin da ya fito a 1991 kuma ya ba haruffanmu huɗu lambobinsu. Zuriyar wannan FAT ɗin ce har yau take cikin katunan wayoyinmu.

A ɗaya ɓangaren, Linus Torvalds yana ɗalibi a Helsinki ya fara Linux a 1991, wani Bafaranshe mai suna Rémy Card ya fitar da tsarin ext2 a 1993, jikansa ext4 ya kammala a 2008. Wannan tsari ba ruwansa da harshe, bayit yake ƙirgawa, ba harafi ba. A salon UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro a 1992, k bayit ɗaya ne, ƙ kuwa biyu.

Ga inda abin yake fitowa fili. A baƙin allon nan da ake rubuta umarni, idan kana son raɗa wa faifan ext4 suna, za ka rubuta tune2fs -L sannan sunan da adireshin faifan. Iyakarsa bayit 16. "Ƙasar Damagaram" ya shiga cif-cif. "Waƙoƙin Damagaram" kuwa bayit 19 ne, sai a datse shi ya koma "Waƙoƙin Damaga". Kun ga kowace lanƙwasa haraji take biya. A katin FAT ma abin ya fi muni: sunan katin kansa harafi 11 ne, a tsohon jerin da babu ƙ. Sunayen fayilolin ciki kuwa suna nan lafiya, sai dai idan aka haɗa katin da Linux ba tare da an gaya masa salon karatu ba, yana iya nuna alamar tambaya. Maganin gajere ne: a ƙara -o utf8 a umarnin mount.

Akwai wani abin dariya. A wannan allo, alamar ' tana buɗe zance ne. Ka rubuta 'yan a matsayin sunan fayil, na'ura ta tsaya tana jiran ka rufe. Ƴan na Nijar wucewa yake yi salin-alin. A nan dai ƙa'idar 1999 ta yi mana rana.

Me ya sa na damu? Saboda a katunan nan muke ajiye wa'azi, waƙoƙin biki da hirar da muke ɗauka da tsofaffi kan tarihin garuruwanmu. Na'ura ba ta san kasa da ƙasa ƴan uwa ne a idonmu ba. Wanda ya nemi ɗaya ba lallai ya ga ɗayan ba. Bayan shekara ashirin, mai bincike zai iya wuce muryar kakarka don an rubuta sunan fayil ba daidai ba.

Don haka mu raɗa wa fayiloli suna da haruffansu cikakku. Wanda zai taɓa saitin faifai kuma ya fara duba adireshinsa da lsblk, ya kwafe abin da ke ciki tukuna, domin mkfs ba ya tambayar waƙar wa ce kafin ya share.