Kalandar Mai Ɗaura Dish

Maigidana da ya koya mini gyaran talabijin a Sakkwato ba ya kiran shekara da lambarta. Sai ya ce "shekarar Odegbami", yana nufin 1980, lokacin da Green Eagles suka ci Aljeriya 3 da nema a Legas suka ɗauki kofin Afirka. A bakinsa, shekarar ce ya gyara akwatunan da bai taɓa gyara yawansu ba. A lokacin dariya nake masa. Yau ga ni a Bukkuyum, ni ma da gasa nake tuna ranar da kowace na'ura ta shigo hannuna.

Ashe sana'ar ce haka tun tushe. Jamusawa sun nuna wasannin Olamfik na Berlin a 1936, alhali kusan babu mai akwati a gida, sai suka buɗe ɗakuna a cikin birni jama'a na shiga kallo. Wato gidan kallon da ake raina mu a kansa, da shi talabijin ta yi rarrafe. Olamfik na Tokyo a 1964 ya sa hoto ya tsallake tekun Fasifik zuwa Amurka ta tauraron ɗan'adam, kofin duniya na Meziko a 1970 kuma shi ne na farko da aka watsa da kala. Dalili bai ɓuya ba. Wasan kwaikwayo ana iya naɗarsa a aiko bayan wata guda, ƙwallo kuwa in ta kwana ta zama sanyin tuwo. Duk mai son kuɗin 'yan kallo dole ya kawo ta da zafinta, ya kuma kawo ta fes.

Mu nan abin yakan iso a makare. An buɗe talabijin a Ibadan a 1959, a Kaduna a 1962, mai kala ta fara daga Jos a tsakiyar shekarun 1970, amma har 1994 yawancin abin da ke hannunmu baƙi-da-fari ne mai cin batirin mota. Daren da Najeriya ta kara da Bulgeriya a kofin duniya na shekarar, ni aka ɗora a kan soro da eriya ɗaure a bakin gora. Damina ce, dare ya raba. Ina juyawa, na ƙasa suna ihu: "Ƙara kaɗan! Koma! Tsaya nan, kar ka motsa!" Hoton sai yayyafi yake, mutum bai fi inuwa ba. Ƙwallon da Rashidi Yekini ya ci, ya kama raga yana kuka, ban gan ta ba sai bayan shekaru. Ihunta kawai na ji ta ƙarƙashin ƙafata.

Olamfik na Atlanta ne ya sauya lissafi. Yaran Kaduna irin su Garba Lawal da Tijjani Babangida suna cikin waɗanda suka doke Brazil da Ajantina a 1996, kafin wata biyu kuma aka yanke Zamfara daga Sakkwato. Daga nan masu hali suka fara neman babban dish, wanda sai an haƙa rami an zuba siminti, ƙarti huɗu sun ɗaga. DStv ta zo da ƙarami wanda yaro zai ɗauka a ka, ga Firimiya duk mako, ga Kanu a Arsenal tun 1999. Sai wani ya lura cewa kuɗin watan da ya fi ƙarfin gida ɗaya ba zai fi ƙarfin benci goma ba. Rumfar kwano, janareta, allo a bakin ƙofa da sunayen wasanni da alli: gidan kallo ya kafu daga Gummi har Anka. A 2007 HiTV ta karɓe yawancin wasannin Firimiya, kowane gidan kallo ya nemi dikoda ta biyu, na yi wata ban ci abincin rana a zaune ba. A 2010 wasannin suka koma SuperSport, muka sake hawa sama.

Ba kowace ƙirƙira ce ta yi rai ba. A kofin duniya na Afirka ta Kudu an ɗauki wasu wasanni da hoton da sai an sa tabarau, aka cika baki, abin ya bi ruwa. Wanda ya zauna shi ne hoto mai tsabta da aka ɗauki duk wasannin Jamus 2006 da shi, shi ya kori akwatin mai ƙusumbi ya kawo na bango. Ranar da Ahmed Musa ya zura wa Iceland biyu a 2018, har zufar goshinsa mun gani, ga alƙalin wasa kuma a gasar yana zuwa ya duba allo kamar mu.

Samari yanzu a waya suke kallo, suna cewa kwanan dish ya ƙare. Ni dai na san na waya yakan ji ihun gidan kallo kafin ƙwallon ta shiga a hannunsa. A watan Satumba na 2021 kuma, da aka rufe layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, aka taƙaita sayar da mai, intanet ta ɗauke ɗif, dish bai san an yi ba, don shi daga sama yake sha. Matsalar wuta ce kawai. A makonnin nan na fara haɗa dikoda da sola da batir, abin da ya zama rabin aikina tun da aka cire tallafin mai a 2023. Wasan dare ne ba mu cika nunawa ba har yanzu, mutane na son su shige gida da wuri.