Ranar Alhamis a gidan samarin coci: addini, abota da wasa a ƙasar Faransa (1882-1972)

Gabatarwa

Masu rubuta tarihin ɗariƙar Katolika a ƙasar Faransa sun daɗe suna mayar da hankali ga manyan al'amura, watau faɗan coci da gwamnati, dokokin makaranta da wasiƙun Fafaroma. Abin da yaro ɗan shekara 12 yake yi da yammacin ranar Alhamis bai shiga cikin bincikensu sosai ba sai a wajejen shekarun 1980. A cikin wannan ƴar ƙasida muna son mu duba wata cibiya da Faransawa ke kira patronage, ko patro a taƙaice, wadda mu za mu kira gidan samarin coci. Wuri ne da ke jingine da majami'ar unguwa, mai fili da babban zaure, inda yara da samari ke taruwa ranar da babu lakol, a ƙarƙashin kulawar limamin coci, wanda Kiristocin ƙasar Hausa ke kira fada. Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa an buɗe wannan gida don a riƙe samari cikin addini, wasa kuwa abin jan hankali ne kawai, amma daga bisani wasan da abotar da aka ƙulla a kansa su ne suka fi manufar farko daɗewa.

1. Asali

Gidan samarin coci ya girmi dokokin makaranta. Tun shekara ta 1799 fada Jean-Joseph Allemand ya fara tara samari a birnin Marseille don addu'a da wasa. A birnin Paris, ƙungiyar Saint-Vincent-de-Paul, wadda Frédéric Ozanam da abokansa ɗalibai suka kafa a 1833, ta kula da yara masu koyon sana'a. A Italiya kuma Don Bosco ya yi irin wannan aiki a birnin Turin daga 1841. Damuwar duk waɗannan mutane ɗaya ce. A ƙarni na 19, yaro namiji yakan yi karatun addini har ya karɓi jibinsa na farko yana ɗan shekara 11 ko 12, daga nan sai ya shiga masaƙa ko wurin maƙeri, ya bar zuwa majami'a ga uwarsa da ƴan'uwansa mata. Limaman coci suna neman abin da zai maido da shi.

Abin mamaki, abokan hamayyar coci ne suka ba wannan cibiya babbar damarta. Dokokin Jules Ferry na 1881 da 1882 sun sa karatun firamare ya zama kyauta, kuma tilas daga shekara 6 zuwa 13, sannan suka fitar da darasin addini daga makarantar gwamnati. Amma dokar 28 ga Maris 1882 ta tanadi cewa ban da Lahadi za a rufe makaranta kwana guda a mako, don iyayen da ke so su kai ƴaƴansu karatun addini a wajen ginin makaranta. Ranar ita ce Alhamis. Karatun addinin bai wuce awa ɗaya ko biyu ba, iyaye suna wurin aiki, saura yini guda cur yaro na yawo a titi. Wanda ya cika wannan yini shi ya samu yaron. (Makarantar da Faransa ta kawo a ƙasashenmu ta zo da wannan hutu na Alhamis, ya kuma dace da hutun makarantar allo, har mutane da yawa ba su taɓa tambayar asalinsa ba.)

2. Yadda mako yake tafiya

Galibi ƙaramin fada ne, mataimakin babban limamin unguwa, ake ɗora wa nauyin gidan. Saurayi ne da bai daɗe da fitowa daga makarantar limanci ba, kuma sau da yawa yakan naɗe doguwar rigarsa ya shiga fili tare da yara. Ranar Alhamis ana farawa da karatun addini, sannan wasa, a rufe da addu'a kafin magariba. Ranar Lahadi akwai sujada da safe, da rana kuma gasa ko fita bayan gari. Sharaɗin shiga a fili yake: wanda bai zo sujada da safe ba, ba a sa shi cikin ƴan wasa da yamma. Da dare, a tsakiyar mako, manyan samari da suka tashi daga aiki sukan dawo don koyon busa bigila da kiɗan badujala, ko maimaita wasan kwaikwayon da za a nuna wa iyaye lokacin Kirsimeti. Tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu aka ƙara silima a zauren coci, da sansanin hutu inda ake kai yaran birni bakin teku ko kan duwatsu. A 1929 aka fara fitar da mujallar yara mai suna Cœurs Vaillants, wadda fada Gaston Courtois ya jagoranta, kuma a cikinta ne yaran Faransa suka fara karanta labarin Tintin daga 1930.

Abin da muke so mai karatu ya lura da shi shi ne tsawon lokaci. Yaro yana shiga yana ɗan shekara 7 ko 8, ba ya fita sai ranar da aka kira shi aikin soja, wani ma yakan dawo bayan aure ya zama mai horar da ƙanana ko ma'ajin ƙungiya. Shekara 12 ko fiye tare da mutane ɗaya, sau biyu ko uku a kowane mako. Makaranta ba ta riƙe ɗan talaka haka ba, tunda yana barinta a 13. Cikin wannan zama ne ake samun aminin da zai tsaya wa mutum shaida ranar aure, da wanda zai nema masa aiki a ma'aikata. Ƙungiyoyin tsofaffin ƴan patro, masu cin abinci tare sau ɗaya a shekara, sun ci gaba da taruwa a garuruwa da dama bayan an rufe gidan kansa.

Ƴan mata suna da nasu gidajen dabam a hannun mata masu zaman zuhudu, inda aka fi ba da ƙarfi ga ɗinki da waƙa. Motsa jiki ya shigo musu a makare, da ƙungiyar Rayon sportif féminin da aka kafa a 1919.

3. Likita, sakatare da amininsa

Wanda ya haɗa waɗannan gidaje a ƙarƙashin inuwa guda ba limami ba ne. Paul Michaux (1854-1923) likitan fiɗa ne, haifaffen birnin Metz, garin da Jamus ta karɓe a 1871. Ran 24 ga Yuli 1898 ya shirya babbar gasar motsa jiki ta gidajen samarin coci a Issy-les-Moulineaux kusa da Paris, daga nan aka samu tarayyar da a 1903 ta ɗauki sunan FGSPF. Kishin ƙasa yana cikin aikin tun farko. Ana koya wa samari maci da harbi, ana shirya su don ranar da za a maido da yankunan da aka rasa, kuma Katolika suna son su nuna wa masu zarginsu da biyayya ga Roma cewa ba a fi su son Faransa ba. Sunayen ƙungiyoyin ma sun nuna haka: Jeanne d'Arc, Saint-Michel, Avant-Garde, Alerte.

A nan ne labarin abota ya shigo cikin tarihin ƙwallon ƙafa. A unguwa ta 16 ta birnin Paris, majami'ar Saint-Honoré-d'Eylau tana da ƙungiya mai suna Étoile des Deux Lacs. A cikinta aka samu samari biyu tsararraki, Charles Simon, haifaffen 1882, da Henri Delaunay, haifaffen 1883. Simon ya zama sakataren FGSPF, Delaunay na taimaka masa. Bayan dokar 9 ga Disamba 1905 da ta raba coci da gwamnati, zaman ya yi tsami, har a 1906 babbar tarayyar wasanni ta lokacin, USFSA, ta rufe ƙofarta ga ƙungiyoyin coci. Simon bai tsaya kuka ba. A 1907 ya kafa wani kwamiti mai suna CFI, ya jawo cikinsa wasu tarayyoyin da ba ruwansu da addini. Da USFSA ta fice daga FIFA a 1908 saboda wata rigima da ta shafi ƙungiyoyin Ingila, sai Simon ya karɓi kujerar Faransa da sunan CFI. A 1913 USFSA da kanta ta shigo kwamitin. Watau cikin shekara bakwai waɗanda aka kora sun zama masu gida.

Ran 15 ga Yuni 1915 aka kashe Simon a fagen daga, a Écurie kusa da Arras, yana ɗan shekara 32. Yana ɗaya daga cikin ƴan tarayyar fiye da 20.000 da suka mutu a wannan yaƙi. Delaunay ya gaje shi a CFI, kuma ran 15 ga Janairu 1917, ana tsakiyar yaƙi, ya sa aka amince da wata gasa da kowace ƙungiya ke iya shiga, ta coci ko ta waɗanda ba su yarda da coci ba, aka sa mata sunan mamacin. Likita Michaux ne ya ba da kofin. Ƙungiyoyi 48 suka shiga, aka yi wasan ƙarshe ran 5 ga Mayu 1918 a filin Légion Saint-Michel, wanda shi ma na gidan samarin coci ne, inda Olympique de Pantin ta ci FC Lyon 3 da 0. Wannan gasa ita ce Kofin Faransa, kuma kofin na ɗauke da sunan Charles Simon har yau. Delaunay ya riƙe sakatariyar hukumar ƙwallon ƙafa ta Faransa daga kafa ta a 1919 har rasuwarsa a 1955, ya kuma zama sakataren farko na UEFA a 1954. Shugabansa a hukumar, Jules Rimet, shi ma Katolika ne mai bin koyarwar wasiƙar Rerum Novarum ta 1891 a kan haƙƙin ma'aikata, ko da yake ƙungiyar Red Star da ya kafa a 1897 ba ta coci ba ce.

Ana iya bayyana duk wannan da dabarun siyasa da neman iko, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma mu a ganinmu ba za a fahimci gasar 1917 ba idan aka manta cewa mutum ne yake neman yadda sunan abokin ƙuruciyarsa ba zai ɓace ba. Masanin tarihi Maurice Agulhon ya koya mana mu ɗauki zaman hira da ƙungiyoyin nishaɗi a matsayin abin bincike, kuma wannan misali yana ba shi gaskiya.

4. Gari ɗaya, fili biyu

Kada mu ƙawata abin fiye da kima. Gidan samarin coci makamin yaƙi ne. Gaba da shi akwai ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantar gwamnati, a hannun malamin lakol, wadda daga 1928 ta samu tata tarayyar wasanni, UFOLEP. A yammacin Faransa, musamman yankin Bretagne, ƙaramin gari yakan kasance da fili biyu, badujala biyu, zauren silima biyu, kuma gidan da aka haifi yaro shi ke yanke masa wanda zai shiga. Abotar da muke yabo tana da iyaka, iyakar kuwa wasu ne suka shata ta. Bugu da ƙari, kuɗin gina zaure da sayen kayan busa sau da yawa daga aljihun masu ma'aikata da manyan gari suke fitowa, kuma ba don Allah kaɗai suke bayarwa ba: saurayin da ke busa bigila da dare ba ya wurin taron ƴan gurguzu. Littafin da Gérard Cholvy ya jagoranta a 1988 ya aza tambayar a cikin sunansa, ko patro kurkuku ne da ke killace Katolika, ko kuwa tafki ne da ake kiwon shugabannin gobe. Mu dai mun ga duka biyun a gida ɗaya.

5. Abin da ya saura

Suka ta fara fitowa daga cikin coci. Ƙungiyar matasa ma'aikata ta JOC, wadda fada Joseph Cardijn ya kafa a Beljiyam a 1925 kuma ta shigo Faransa jim kaɗan bayan haka, tana ganin aikin Kirista yana cikin ma'aikata ne, tsakanin abokan aiki, patro kuwa renon yara ne kawai. Bayan yaƙin duniya na biyu wannan ra'ayi ya rinjayi shugabannin coci. A shekarun 1960, lokacin babban taron Vatikan na biyu (1962-1965), yawan sababbin limamai ya ragu ƙwarai, aka janye ƙananan fada daga filayen wasa, magadan gari suka gina nasu filaye, talabijin ta shiga gidaje. Tarayyar Michaux ta sake suna a 1947, ta kuma sakewa a 1968 ta zama FSCF, sunan da take ɗauke da shi yanzu. A 1972 aka mayar da hutun makaranta daga Alhamis zuwa Laraba.

Ƙungiyoyin ba su mutu tare da sharaɗin sujada ba, don tsofaffin yaran gidan sun karɓi ragamarsu. Ƙwallon kwando, wanda ya dace da ɗan ƙaramin filin bayan majami'a, ya bazu a Faransa ta wannan hanya: Cercle Saint-Pierre ta birnin Limoges, da aka kafa a 1929, ta ci kofin Turai a 1993. Stade Brestois ta fito ne daga haɗewar gidajen samarin coci guda biyar a 1950. A garin Auxerre, fada Ernest Deschamps ya kafa ƙungiyar AJA a ƙarshen 1905, makonni kaɗan bayan dokar raba coci da gwamnati, da launin shuɗi da fari na Maryamu. Guy Roux ya karɓi horar da ita a 1961 tana ƙaramar ƙungiyar yanki, ya kai ta rukunin farko a 1980, a 1996 kuma ta haɗa gasar ƙasa da kofin Charles Simon a shekara ɗaya. Filin da take wasa a cikinsa, a bakin kogin Yonne, sunan fada Deschamps yake ɗauke da shi.