Yamaha Serow: Tarihin Babur Mai Sunan Akuyar Dutse

Serow ƙaramin babur ne da kamfanin Yamaha na ƙasar Japan ya ƙera, daga cikin jinsin baburan da ake yi domin su hau kwalta su kuma sauka su bi burji da hanyar daji. Yana da fitila da lamba da madubi kamar kowane babur na gari, sai dai tayoyinsa masu gurzu ne, cikinsa kuma ya ɗaga daga ƙasa. An sayar da shi a kasuwar Japan daga 1985 zuwa 2020, da farko da injin cc 223 a ƙarƙashin lambar XT225, daga baya da injin cc 249 a ƙarƙashin lambar XT250.

Mai neman tarihin wannan babur yakan ci karo da shekarun haihuwa har uku. Rubuce-rubucen Amurka sukan fara ƙirga daga 1992, domin a shekarar ce babur ɗin ya isa kasuwarsu. Wasu na cewa 1986. Shi kuwa kamfanin ya yi bikin cikar babur ɗin shekara 20 a 2005, ya yi na shekara 30 a 2015, lissafin da ke komawa kai tsaye zuwa 1985, kuma wannan ce shekarar da aka riƙe a nan. Akwai wani ruɗanin da ya fi wannan, wato na sunan XT250. Yamaha ya taɓa fitar da wani babur mai wannan lamba a 1980, shi ne wanda Sylvester Stallone ya tsere a kansa a fim ɗin First Blood na 1982. Wancan babur ba Serow ba ne. Suna ne kawai ya zo ɗaya, amma sau da yawa akan haɗa su a jadawali guda kamar uba da ɗa, har a ba wa Serow shekara biyar da ba nasa ba.

Asalin jinsin sananne ne, ba sai an daɗe a kansa ba. A 1968 Yamaha ya fitar da DT-1 mai inji cc 246, wanda ake ɗauka a matsayin babur na farko daga Japan da aka zana tun daga tushe don kwalta da daji. A 1976 sai XT500 ya biyo baya, kuma a kansa Cyril Neveu ya ci gasar Paris zuwa Dakar ta farko a 1979, wadda ta ratso ta Agadas da Yamai. Kakan Serow na kusa shi ne XT200 na 1982, mai inji cc 196. Daga nan aka ɗebo injin.

Abin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne kasuwar da Serow ya faɗo cikinta. Tsakiyar shekarun 1980 a Japan zamani ne na gasar ƙarfin inji. Matasa na rububin babura masu kama da na tsere, irin su Suzuki RG250 Gamma na 1983 da TZR250 da Yamaha ɗin kansa ya fitar a 1985. Baburan daji ma cutar ta kama su: kowane kamfani na ƙara wa nasa ƙarfi da tsawon shakazoba, domin ya yi kama da na masu tsalle-tsalle a filin gasa. DT200R na Yamaha yana da ƙarfin doki 30. To amma duk shakazobar da aka ƙara wa tsawo, sai kujera ta ƙara tashi sama, har ta kai mai matsakaicin tsayi ba ya taka ƙasa sai da ɗan yatsan ƙafa ɗaya.

Cikin wannan hali, a watan Agustan 1985, Yamaha ya fito da babur mai ƙarfin doki 20 kacal, a kan yen 329,000. Injin silinda ɗaya ne, bawul biyu, iska ce ke sanyaya shi, babu lagireto balle ruwa ya zuba. An ɗauki injin XT200 aka faɗaɗa silindarsa zuwa milimita 70, aka tsawaita bugun fistin zuwa milimita 58, ya zama cc 223. Tankin lita 7.6 ne. Nauyinsa ba tare da mai ba kilo 102. Tayar gaba inci 21, ta baya inci 18. Birkin gaba na faifai ne, na baya na ganga. Tayar da shi kuwa sai da kik.

A takarda babu abin burgewa a cikin waɗannan alƙaluma. Hikimar tana ga abubuwa ƙanana da mai karanta jadawali ba ya lura da su. Kan babur ɗin yana juyawa har digiri 51 dama da hagu, abin da ya fi kusa da baburan gasar hawan duwatsu fiye da na titi. Amfaninsa shi ne idan mutum ya bi siririyar hanya a kan tsauni ya tarar itace ya faɗi ya tare ta, zai iya juyowa a wurin da faɗinsa bai wuce tabarma biyu ba. Giyarsa shida ce, ta ɗaya an yi ta ƙasa-ƙasa ƙwarai, ta yadda babur zai riƙa rarrafe da saurin tafiyar ƙafa ba tare da ya mutu ba kuma ba a ƙona kuloci ba, ta shida kuma ta ishe shi bin babbar hanya. An sa masa mariƙin ƙarfe a ƙarƙashin fitila da wasu a gefen baya. Ma'anar wannan a fili take: maƙeran sun san babur ɗin zai faɗi, zai kafe a laka, za a ja shi da hannu ko da igiya, sai suka tanadi wurin kamawa tun daga masana'anta.

Yamaha ya kira wannan salo da hawan hanyar tsauni, kuma ya yi masa take da Japananci mai ma'anar "taya biyu, ƙafa biyu". A gasar hawan duwatsu, wanda ya sa ƙafa a ƙasa an ci shi tara. Serow ya juya wannan ƙa'ida: ƙafafun mahayi wani sashe ne na abin hawan, ya dafa ƙasa da su, ya tura, ya tokare, babu kunya. Dalilin da ya sa aka yi jikinsa siriri ke nan, aka rage tsayin kujera, aka yarda da shakazoba mai taushi wadda ba za ta jure dogon tsalle ba. Ƙasar Japan kusan kashi biyu cikin uku daji ne, galibi a kan tsaunuka, cike da hanyoyin masu aikin katako da ba su da kwalta. Ba hamada ba ce da za a murɗa mai a yi ta gudu. Babur ɗin an ɗinka shi ne daidai da wannan ƙasa.

Sunan ma daga nan ya fito. Serow dabba ce dangin akuya mai zama a kan tsaunukan Asiya, mai gajerun ƙahoni, tana bin gangare a natse. Japan tana da nata iri da ake kira kamoshika, wanda hukuma ta sa cikin kariya ta musamman a 1955, shekarar da aka kafa Yamaha Motor. Marubutan waje sukan ce sunan na wannan dabbar gida ne, bayanin Japananci kuwa ya fi jingina shi ga 'yar uwarta ta tsaunin Himalaya. Ko wacce ce, kanta ne aka zana a jikin tanki.

Akwai kuma dalilin aljihu, wanda dokar Japan ta haifar. Babur da ya haura cc 125 yana da izinin hawa manyan titunan da ake biyan kuɗi, wanda bai wuce cc 250 ba kuma an ɗauke masa binciken lafiyar abin hawa na dole da ake kira shaken, mai cin kuɗi da lokaci. Serow ya zauna a tsakanin waɗannan iyakoki biyu tsawon rayuwarsa. Araharsa ba ta tsaya ga kuɗin saye ba, har da kuɗin riƙo: inji maras rikitarwa, mai kaɗan, bawul ɗin da mai babur zai iya saitawa da kansa a ƙofar gida.

Bai yi kasuwa nan take ba. Shekarar da ta sauya masa ƙaddara ita ce 1989, lokacin da aka sa masa sitata aka kuma sauke kujera zuwa milimita 810. Wanda ya taɓa bugun kik a kan gangare, babur ya karkace, ƙafa ɗaya a cikin taɓo, shi ya san darajar maɓalli. Masu son tsantsar sauƙi sun yi gunaguni kan nauyin baturi da aka ƙara, amma sabbin mahaya, da mata, da dattawan da suka dawo hawa bayan dogon hutu, su suka cika shagunan. Idan za a zaɓi shekara ɗaya da Serow ya zama abin da aka san shi da shi, 1989 ta fi 1985 cancanta.

Gyare-gyaren da suka biyo baya sun ja shi a hankali daga tsauni zuwa doguwar tafiya. A 1993 samfurin 225W ya zo da birkin faifai a baya. A 1997 samfurin 225WE ya zo da tankin lita 10 da tayar baya marar tub, duk da cewa mai sifoki ce: an maƙala sifokin a wani haƙarƙari da ke tsakiyar rim maimakon a huda rim ɗin, don haka iska ba ta da wurin fita. Mai tafiya shi kaɗai a daji, idan ƙusa ta huda masa taya, zai toshe ramin daga waje ba sai ya kwance taya ya yi faci ba. A nan ma sai an yi hattara da jadawalin Amurka, domin XT225 da aka sayar can daga 1992 zuwa 2007 ya ci gaba da birkin ganga a baya da ƙaramin tanki har ƙarshensa. Wanda ya karanta bayanin Japan ya je sayen na Amurka zai ga ba haka ba.

Shaidar nasararsa ita ce yadda abokan gasa suka bi sawu. Honda ya fitar da XL Degree a 1991 da SL230 a 1997, Suzuki ya zo da Djebel 200, Kawasaki kuma ya fitar da Super Sherpa a 1997, wanda ko sunansa na tsauni ne. Duk sun bar kasuwar Japan kafin Serow. Bayan girgizar ƙasar Kobe ta 17 ga Janairun 1995, da tituna suka toshe da ɓaraguzai motoci suka kasa wucewa, hukumomi suka farga da amfanin irin wannan babur, kuma Serow ya shiga hannun 'yan kwana-kwana a garuruwa da dama, har da Tokyo, an shafe shi da jan fenti.

Injin XT200 ya haifi wasu 'ya'yan ban da Serow. Akwai TW200 na 1987 mai ƙatuwar tayar baya, wanda Shinji Kazama ya kai ƙarshen arewacin duniya a kan irinsa da aka yi wa gyara a wannan shekarar. Akwai AG200, babur ɗin makiyaya da manoman Ostareliya da New Zealand, wanda ƙungiyar Riders for Health ta yi amfani da shi wajen kai ma'aikatan lafiya ƙauyuka a ƙasashen Afirka. Ta wannan ɗan uwan ne jinin gidan ya fi shigowa nahiyar Afirka.

A 2005, yana da shekara 20, aka sake shi gaba ɗaya. Serow 250 ya ɗauki gangar jiki da injin wani babur ɗin Yamaha mai suna Tricker na 2004, cc 249, giya biyar maimakon shida. Ya fi natsuwa a babbar hanya, ya kuma fi nauyi, kuma har yau tsofaffin mahayan 225 na ganin an sayar da wani abu na asali an sayi jin daɗi. Suna da hujja a kan giyar da aka cire. An dai bar digiri 51 ɗin nan yadda yake.

Daga nan labarin ya koma na dokar hayaƙi. A 2008 aka cire kafireto aka sa injekta a samfurin Japan, ƙarfi ya sauka zuwa doki 18. A shekarar ce XT250 ya isa Amurka, amma da kafireto, sai 2013 ya samu injekta. A 2017 aka dakatar da ƙera shi saboda sabuwar doka, ya dawo a 2018 da doki 20 da nauyin kilo 133 cike da mai. Da aka hango wata dokar hayaƙin mai tsanani tafe, ga kuma tilasta birkin ABS, sai Yamaha ya fitar da samfurin bankwana a Janairun 2020 a kan yen 588,500, cikin kore da ja irin launukan 1985, ya rufe ƙera na kasuwar Japan a wannan shekarar. XT250 ya ci gaba da sayuwa a Amurka bayan haka, ba tare da sunan dabbar ba. A ƙarshen 2024 Kawasaki ya dawo da sunan Sherpa a kan KLX230, babur mai silinda ɗaya da iska ke sanyayawa, mai giya shida.