Daga Bashin Muniyoma Zuwa Baƙar Juma'a: Rangwamen Ƙasar Waje Ya Kai A Bi Shi?

Da watan Nuwamba ya kama, wayoyin iyaye a nan Gure sukan fara cika da hotuna. Ɗa yana Faransa ko Amurka ko Dubai, ya turo hoton talabijin ko waya, ya ce an karya farashi, a zaɓa kafin lokaci ya wuce. Ni malamin makaranta ne, kuma iyayen ɗalibaina sun sha tambayata ko su amsa ko su ce a turo kuɗin. Amsata tana cikin tarihi, domin sha'awar kayan nesa ta daɗe a garin nan.

A watan Disamba na 1852, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka Gure a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. Ya gana da Muniyoma Koso, ya ga sarki mai dawaki da mayaƙa da haraji mai yawa. Amma ya kuma ba da labarin cewa duk da wannan samu, fatake suna bin sarkin bashi mai nauyi. A wancan zamani ayari ne ke ƙetaro Sahara daga Tarabulus da alkyabba da takarda da madubi da tsakiya. Kafin kaya su iso, kuɗin raƙumi da na jagora da fiton kowane sarki na hanya sun hau kansu. Tun a lokacin, farashin Tarabulus daban, farashin ƙofar gida daban.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin Sahara ya ja baya, amma tsaraba ba ta mutu ba. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa, ta Cadi da Sudan, sukan yi shekaru a hanya suna ƙwadago, su dawo da ruwan Zamzam da dabino da carbi. Zuwan jirgin sama ya mai da tsarabar akwatuna. Daga baya 'yan cin rani suka riƙa dawowa daga Libiya da rediyo da darduma da bargo. A duk waɗannan zamunna matafiyi ne ke zaɓar lokacin sayayyarsa, wato ranar da ya ɗaura niyyar komawa gida. Abin da ya sauya yau shi ne mai kanti ne ke sa ranar.

Ita wannan rana da ake kira Black Friday, ko Baƙar Juma'a, Juma'ar da ke bin bikin godiya na Amurkawa ce. Tun asali kasuwa ce ta tsara ta. A 1939 Shugaba Roosevelt ya matso da bikin gaba da mako ɗaya don 'yan kasuwa su sami ƙarin kwanakin ciniki kafin Kirsimeti, sannan a 1941 majalisa ta tsayar da shi a Alhamis ta huɗu ta Nuwamba. Sunan kuwa 'yan sandan birnin Filadelfiya ne suka yaɗa shi, saboda wahalar cunkoson da suke sha a ranar. Intanet ta kai al'adar ko'ina. A ƙasashen Larabawa kamfanin Souq ya sauya mata suna a 2014 zuwa Farar Juma'a, don girman ranar a wurin Musulmi. Dubai tana da nata bikin sayayya tun 1996. A Faransa doka ce ke tsara lokacin rangwame, sau biyu a shekara, a Janairu da ƙarshen Yuni.

Ba na cewa duk ragin ƙarya ne. Ɗalibin da ke karatu a Faransa, wanda dole ya sayi rigar sanyi ko kwamfutar karatu, in ya jira lokacin rangwame ya yi dabara. Sai dai a lura: wasu kantuna kan ɗaga farashi kafin ranar, sannan su sauke shi su ce sun yi ragi. Abin ya yi yawa har Tarayyar Turai ta sa doka, wadda ta fara aiki a 2022, cewa mai shelar ragi ya auna shi da farashi mafi ƙasa da ya sayar a kwana 30 da suka wuce. Inda aka kafa irin wannan doka, an san an sha cutar masu saye.

Ga wanda zai aiko da kayan gida kuwa, lissafin ayari bai canza ba. Yuro 1 sefa 655 ne da 'yan kai, wato ragin yuro 50 ya kusa jika 33. Cire kuɗin awon kaya a jirgi, da na duwan, da na mota daga Yamai zuwa Damagaram, daga can zuwa Gure, ka ga abin da ya rage. Kayan wutar Amurka an ƙera su ne don ƙarfin wuta 120, tamu kuwa 220 ce, in ba a kula ba jonawa ɗaya ta ƙone su. Wata wayar a kulle take da layin ƙasar da aka saye ta. Takardar garanti ba ta aiki a nan. Sau da yawa irin kayan suna nan a kasuwar Dole ta Damagaram, ko a Kano, inda in sun lalace akwai mai gyara. Araha ba ta ado, in ji Hausawa.

Akwai kuma abin da tallan ba ya faɗa wa yaranmu. Watan da kantunan Turai ke kiran su, shi ne watan kaka a gida. A lokacin gero da dawa da wake suka fi sauƙi a shekara, domin manomi ya girbe kuma yana neman kuɗi. Daga bazara zuwa tsakiyar damina tiya takan yi tsada. Wanda ya ga 2005 a jihar Damagaram ya san yadda buhun gero ya ninka kuɗinsa cikin 'yan watanni, gidaje suka sayar da dabbobinsu a wulaƙance don su ci. Jika 100 da aka zuba a buhunan gero a Nuwamba takan tsare gida a Yuli. Haka ragon layya: wanda aka saya da watanni aka kiwata ya fi wanda aka saya ana gobe Sallah sauƙi nesa ba kusa ba. Wannan shi ne rangwamen da ƙasarmu ta sani tun kafin a haifi Koso.

Don haka, iyaye, in hoton ya iso, ku yi wa yaron tambaya uku. Da ma kana da niyyar sayen abin nan kafin ka ga tallan? Nawa zai tsaya in ya iso ƙofar gida? Da kuɗin hannunka za ka saya ko da katin bashi? In amsoshin sun yi kyau, a saya, Allah ya sa albarka. In ba su yi ba, a turo kuɗin kaka da na littattafan ƙannensa. Kada kuma mu matsa musu da jerin tsaraba, domin da yawansu kunyar a ce sun dawo hannu rabbana ce ke jefa su cikin bashi.

Mu malamai kuma, wannan darasin lissafi ne a shirye. A rubuta farashin yuro a allo, a juya shi sefa, a ɗora kuɗin hanya, a kwatanta da kuɗin tiyar gero a kaka da a damina. Yaron da ya iya wannan lissafi a aji, ranar da ya tsinci kansa a gaban kantin Faris ko na Dubai, zai san abin da zai ɗauka da abin da zai bari.