Yadda ƙugiyar ƙ ta shiga kwamfutocin Zariya

Zariya ta daɗe da sanin haruffa masu ƙugiya. A nan aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Abubakar Imam ne editanta, kuma a Tudun Wada kamfanin Gaskiya ya zauna tun 1945. Maɗaba'a tana da ɓ da ɗ da ƙ nata na dalma. Mai tafireta kuwa, wanda ke zama bakin kotu yana buga wa jama'a takardun koke, yawanci ba shi da su. Sai ya gama shafi ya zare takardar, ya ɗauki biro ya bi layi-layi yana ɗora wa kowane harafi ƙugiyarsa. Ranar da aiki ya yi yawa a bar su haka nan, mai karatu ya yi ta kansa.

Da kwamfuta ta zo, sana'ar ta koma shagunan buga takardu, matsalar kuma ta biyo ta. Ni a irin wannan shago na tashi, a wajen wani maigida nan kusa da Ƙofar Galadima. Aikinmu mafi tsoka shi ne kundin ɗaliban Hausa, daga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, su kuwa malamansu ba sa karɓar kundi babu ƙugiya.

Sauƙin farko daga Kano ya zo. A shekarun 1990 Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya zana haruffan Hausa na kwamfuta, suka yaɗu hannu da hannu a kan faifai. Aiki ne babba, kuma ya cancanci a riƙa tuna shi. Sai dai dabarar wancan zamani ita ce a ari gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba, a zaunar da ƙ a wurin. Idan ɗalibi ya kai aikinsa wata kwamfutar da ba ta da haruffan, sai alamun asali su dawo, shafi ya koma kamar kaji sun yi tono a kansa.

Alhali tun 1991 tsarin Unicode ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin: ƙ tana 0199, ɗ tana 0257, ɓ tana 0253. Labarin ne ya yi jinkirin isowa shagunanmu. Ni kaina sai da wata 'yar manhaja ta tsara madannai ta faɗo hannuna a faifan da wani ɗalibi ya kawo. Duk bayaninta bai cika shafi guda ba, da Turanci, kuma wanda ya rubuta shi ya ɗauka mai karatu ya riga ya san komai. Babu wanda zan tambaya. Maigida ya ce, "Kai yaro, taɓa abinka bayan Isha'i, amma kada ka kashe mini inji."

Misali ɗaya tak ya zo da manhajar, na wani harshe daban. Sai in kwafe shi, in canza layi guda, in haɗa, in buɗe shafi fari in danna madanni in ga abin da zai fito. Wani lokaci ɗan akwati ne yake fitowa. A hankali na gane cewa akwatin nan ba ya nufin lambar ta kuskure: salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da hoton harafin. Wannan magana, wadda layi biyu za su ishe ta, ba ta cikin takardar ko kaɗan. Kowane canji ina rubuta shi a bayan littafin bashin shago, har Ƙ babba mai lamba 0198 ta zauna inda nake so.

Na tabbata a Sabon Gari da Samaru akwai waɗanda suka yi irin wannan lalube, kowa a ɗakinsa, babu wanda ya san da wani. Wannan shi ke damuna da sana'armu: ilimin yana nan a yatsun mutane, ba a rubuta shi ba. Yau waya tana fitar da ƙ da dannawa guda, kuma yaran shago ba su san an taɓa shan wuya a kai ba.

Tsofaffin masu buga takardu na birni suna nan da ransu. Ɗaliban sashen Hausa, ku je ku zauna da su, ku rubuta yadda aka yi, kuma ku rubuta shi da Hausa.