Hubbare: Na Waliyyi Ne Kaɗai?

Asalin kalmar "hubbare" Larabci ne, "ƙubba", wato gini mai kumburarren rufi. Sai dai ta hannun Fulani ta iso mana, shi ya sa take ɗauke da "-re" irin na Fulatanci. Da yake Hubbaren Shehu Usmanu a Sakkwato ne ya fi shahara, kunnen Bahaushe ya saba jin ta tare da waliyyai, har wasu ke ganin bai dace a kira makwancin soja hubbare ba. Amma kalmar siffar gini ta fara nufi, tsarki daga baya ya raɓe ta. Misali, ginin makwancin Janar Grant da Amurkawa suka kammala a 1897 yana da ƙubba, kuma "kabari" ko "kushewa" sun yi masa kaɗan, domin rami kawai suke nunawa.